Kifin da Na Riƙe da Rawani

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci ruwan daɗi da ruwan gishiri, ya sa arziki a cikin kowanne. Ni ne Alhaji Ummaru ɗan Mamman Na-Ruwa. Shekaruna saba'in da tara a bana, tafiyar da zan ba da labarinta kuwa shekara huɗu ke nan da yinta, kafin wagga fitina ta auka wa ƙasa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yawan tambaya. Duk zaman da anka yi a rakuba, wato rumfar ƙofar masallaci, sai wani ya ce, "Alhaji, wai yaya tekun nan take?" Malam Tanko kuwa, abokina tun muna tsintar auduga, ba tambaya yake ba, tsokana yake. Cewa yake, "Ɗan masunta, jikan masunta, ya ƙetare duniya ya komo, ko kan kifi babu a jakarsa." Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, kowa na ɗaukar nasa yana ƙara masa gishiri a kasuwar Sinja. Ga shi nan duka a jere. Da Hausa na rubuta, domin jikokina, waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu, su sha wuyar karantawa su amfana.

Dalilin tafiyar shi ne Haruna, na huɗu cikin 'ya'yana maza. Ya daɗe a Amirka, a wani ƙaramin gari na bakin teku, arewa da birnin Niyok. Da fari a rumbun kifi yake aiki, ban ce komai ba, domin kifi gadonmu ne tun da kakanninmu sunka taso daga ƙasar Sakkwato sunka yada zango a nan Sudan, a gaɓar wanga kogi na Bahar Azrak, tsakanin Makwar da Sinja. Daga baya ya koma aikin jirgin ruwa. Ranar da ya bayyana mini aikin ta waya, sai da na sa ya maimaita. Wai masu hali ke biya a fita da su teku, su kama kifi da fatsa, su dube shi, su yi murna, sa'an nan su mayar da mafi yawansa cikin ruwa. Na ce masa, "Abin da za ka ci, Allah ya halatta maka kamunsa. Abin da ba za ka ci ba, da wace hujja za ka huda masa baki? Ban hana ka ba, amma ban sa albarka ba." Ya ce, "To, Baba." Shekaru sunka shuɗe, ba mu sake tada zancen ba.

Ana nan sai mai jirgin ya tsufa, likitoci sunka ce za su yi masa aikin gwiwa, ba zai ƙara tsayuwa bisa ruwa ba. Ba shi da ɗa mai son teku. Ya ce zai bar wa Haruna jirgin kafin ya kwanta asibiti, in kuwa Haruna bai karɓa ba, akwai wani mai jira. Haruna ya ce ba ya karɓa sai da albarkar ubansa. Uwarsa, Hajja Amina, ta kawo mini jabana, wato gahawarmu, da hantsi, ta zuba, sa'an nan ta zauna, abin da ba ta saba ba.

Ta ce, "Alhaji, da kunne ka yanke wa yaron nan hukunci. Ba kai ke cewa ba ka sayen jirgi sai ka shiga cikinsa ba?"

Na ce, "Haka nake cewa."

Ta ce, "To, ga jirgi can yana jiranka."

Na tashi cikin bazara, lokacin da ake tsayar da ruwan tur'a, wato babbar magudanar da ke shayar da gonakin Jazira, domin a yashe ta. Motarmu ta yi lafiya har Wad Haddad, can ta tafasa ta tsaya. Na sauka na zauna wurin wata mai shayi. Da ta ji na yi wa buhuna magana da Hausa yayin da yaran mota ke jifa da shi, sai ta saki Larabci. Ta ce, "Baba, ina zuwa da zafin nan?" Na ce Amirka. Ta dubi buhun, ta dube ni, ta ce, "Da wannan?" Ta ƙi karɓar kuɗin shayi, wai in gaishe mata da Turawa.

Daga inda nake zaune ina hangen mutane cikin tur'a, laka har gwiwa, suna kwasar kifin da ruwa ya gudu ya bari. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana kai mu irin wagga kwasa in aikin auduga ya kai mu bazara. Amma in ya ɗaga kifi ya ji cikinta cike da ƙwai, sai ya jiƙa buhu ya naɗe ta, ya sa mu ruga da ita inda ruwa ke gudu, ya riƙe ta kanta na fuskantar ruwan har ta farfaɗo. Mutane na yi masa dariya. Shi kuwa cewa yake, mai ɗauke da na baɗi ba ta cikin rabon bana. Na tuna da wannan, ban kuwa haɗa shi da zancen Haruna ba, domin mahaifina ba don nishaɗi yake kamu ba.

A Hartum na sauka gidan ɗan ƙanena har takardu sunka kammala. Ranar tambaya a ofishin jakadancin Amirka, wata mata ta bayan gilashi ta ce me zan je yi. Na ce wa tafinta, "Zan je duba sana'ar ɗana. In ta yi, in sa albarka. In ba ta yi ba, in komo da albarkata." Tafinta ya ce, "Ya Hajj, haka zan faɗa mata?" Na ce, "Kada ka rage harafi." Ya faɗa, ta yi murmushi, ta ce in komo in karɓi fasfo.

Jirgin sama ba ni da abin faɗa a kansa sai abu guda: rana ta ƙi faɗuwa. Na yi azahar, na yi la'asar a zaune, na yi ta jiran magariba, rana na biye da mu ta taga kamar ita ma ta biya kuɗin kujera.

A bakin shiga ƙasarsu wani kare mai kunnuwa har ƙasa ya zo ya zauna gaban buhuna. Ma'aikata sunka buɗe. Hajja ta sa sharmut, wato busasshen nama, da garin kuɓewa, da kajek, busasshen kifinmu na kogi. Sunka kira tafinta ta waya. Naman sunka karɓe, wai doka ta hana, ban yi jayayya ba, kowace ƙasa da dokarta. Da ma'aikacin ya kwance ƙullin kajek sai ya ja da baya, ya tambaya ko wani abu ya mutu a ciki. Na ce, "Gaya masa kifi ne, ya kuwa mutu tun bara." Ya ɗaure da hanzari ya miƙo mini. Haka kifin Bahar Azrak ya shiga Amirka da izinin hukuma.

Haruna ya tarye ni, ya durƙusa a tsakiyar jama'a ya kama hannuna, Turawa na ratse mu suna kallo. Na ji daɗin wannan, ban nuna ba. Gidansa na katako ne, ko kyanwa ta taka sai ya yi ƙara. Matarsa Nafisa, 'yar mutanenmu ce ta Madani, ta gaishe ni daga bakin ƙofa yadda ya kamata, ta yi kuka da ta ga garin kuɓewa. Gadon da sunka ba ni laushinsa ya yi yawa, mutum na nutsewa kamar a taɓo. Kwana ɗaya na yi a kai bayana ya ƙi, na sauko da bargo ƙasa. Maƙwabtansu mutanen kirki ne, amma gaisuwarsu ba ta da jiki. Kafin ka tambayi iyali, mutum ya kai ƙarshen layi. Wani tsoho da ke wucewa kullum na san sunan karensa, ban san nasa ba har na baro.

Mai jirgin ya kira mu cin abinci. Sunansa Daniyel, ni kuwa Rayyis nake ce masa, yadda muke kiran shugaban jirgi a nan. Kafin in dubi fuskarsa hannunsa na duba. Zare ya tsattsaga shi, gishiri ya busar da shi, na ce a raina wanga ba ɗan wasa ba ne. Matarsa ta ajiye mini wata jar halitta mai ƙahonni da hannuwa, kamar kunamar da ta yi shekara ɗari. Na tambayi Haruna, ya ce daga teku take. Abin da ya fito daga teku halal ne a mazhabarmu, kuma baƙo ba ya kunyata mai gida, saboda haka na ci. Naman fari ne, ba laifi. Ƙyallen da sunka so ɗaura mini a wuya kamar jinjiri ne kaɗai na ƙi.

Ranar fita teku munka isa bakin ruwa bayan asuba. Jirgin fari ne, ya fi duk wanda na taɓa tuƙawa tsafta. Rayyis ya tsaya ya fuskance ni ya yi dogon jawabi, yana nuna hannunsa, yana nuna bokitin ruwa, yana nuna wasu zane biyu a jikin wani allo da ke gefen jirgi. Da ya gama na dubi Haruna.

Ya ce, "Yana yi maka barka da zuwa, Baba."

Na ce, "Duk wanga zance?"

Ya dubi ƙasa ya ce, "Haka suke, Baba."

Muna shirin kwance igiya sai ga wani mai ƙiba ya iso a guje da jakar abinci. Da ya ga rawanina sai ya ɗaga hannu ya yi sallama da Larabci. Daktor Magdi ke nan, likitan haƙori, mutumin Masar, wanda ya saba fita da su. Ya ce, "Ya Hajj, daga Sudan? To yau mun huta, kifi zai jira mu mu sha shayi tukuna." Na ce masa, "Ruwan da kuke sha a Masar ta ƙofar gidana yake wucewa, ka yi magana da ladabi." Ya yi dariya har ya riƙe ciki, tun daga nan munka saba.

Teku ba kogi ba ce. Kogi gaba yake tafiya, ka san inda ya nufa. Ita kuwa ɗaga ka take ta ajiye, ba ta zuwa ko'ina. Cikina ya so ya yi gardama, na tsawata masa. Sunka ba ni sandar fatsa mai ɗan keke da ke naɗe zare, da ƙugiya wadda bakinta ya lanƙwashe ciki kamar zobe. Na ce a raina wagga ba ta kama komai. Ba a daɗe ba ta kama.

Kifin da suke nema yana da wani suna da harshena ya ƙi ɗauka, ni Mai-ratsi na sa masa. Ƙirarsa ta giwan ruwa ce, jikinsa fari kamar azurfa, da baƙaƙen ratsi daga kunne har wutsiya, a miƙe kamar aikin masaƙi. Wanda na kama bai kai tsawon kamu ɗaya da rabi ba. Na fizgo shi ya faɗo cikin jirgi yana tsalle. Na yi abin da na yi shekara sittin ina yi wa tarwaɗa da karfasa: na warware jelar rawanina na danne shi da ita don kada ya sulluɓe, na zura yatsu cikin kunnuwansa, inda yake shan numfashi, na ɗaga shi sama kowa ya gani. Jini ya biyo hannuna.

Ba wanda ya yi murna. Haruna na tsaye kusa da ni, ya riga ya jiƙa hannuwansa a bokiti, ya miƙo su rabi, bakinsa a buɗe, bai ce komai ba. Rayyis ya karɓi kifin ya gwada a allo, bai kai zanen farko ba. Dokarsu ta ce irin wannan ba a riƙe shi, ko da rai ko babu. Ya sa shi a ruwa a hankali. Kifin ya juya cikinsa sama. Fararen tsuntsayen teku sunka sauko masa muna kallo.

Ɓarnar da na ƙetare duniya don in kama su da ita, ga ta, da hannuna anka yi ta.

Rayyis ya ja Haruna gefe ya yi masa magana ƙasa-ƙasa. Na ce, "Me ya ce?" Haruna ya ce, "Zancen iska yake, Baba, wai za ta juya." Na san ɗana. Na juya ga Daktor Magdi na ce, "Kai ba ɗana ba ne, ba ka jin kunyata. Me ya ce?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Ya Hajj, a bar shi mana."

Na ce, "Kada ka rage harafi."

Ya ce, "Cewa ya yi, tun a bakin ruwa ya bayyana yadda ake riƙe kifi, ya ce a fassara maka. Ya ce ya sha ganin Haruna ya karɓe sanda daga hannun manyan mutane in sun yi ba daidai ba, yau kuwa ya tsaya kamar gunki. Ya ce wanda akwai mutumin da ba ya iya yi wa magana a cikin jirgi, ba a ba shi jirgi. Yau kifi ne, gobe mutum ne zai faɗa ruwa."

Sai na gane dogon jawabin nan da ya koma barka da zuwa. Yaron ya gwammace ya rasa jirgi da ya koya wa ubansa riƙon kifi a gaban baƙi. Ni na yi masa wagga tarbiyya, ban kuwa ji kunyarta ba, har gobe. Amma ban yarda a hukunta shi a kan abin da na shuka ba.

Na ce wa Daktor, "Gaya wa Rayyis, ba tsoro ya gani ba. A wurinmu ɗa ba ya gyara wa ubansa a gaban mutane, balle a sana'ar da uban ya haife shi a cikinta."

Rayyis ya saurara, ya kaɗa kai. Ya ce, ta bakin Daktor, "Na yarda, kuma na girmama. Nawa uban ma ba a gyara masa. Amma gwiwata ba za ta sake hawa jirgin nan ba. Wanda zan bar wa, dole bakinsa ya buɗe ga kowa."

Maganarsa gaskiya ce, na san ta tun kafin a haifi Haruna. Jirgi ba ya da shugaba biyu. Na cire rawanin gaba ɗaya, na naɗe shi na ajiye, na tsaya da hula. Na ce, "Haruna, koya mini. Daga farko, da ƙarfi, kowa ya ji."

Ya ce, "Baba, ma'alesh, yi haƙuri, ai ba komai..."

Na ce, "Ban tambaye ka ko da komai ba. Kuma da Hausa."

Ya fara, murya na rawa. Ya ce yauƙin da ke jikin kifi shi ne rigarsa, busasshen ƙyalle ko busasshen hannu na tuɓe masa ita, ciwo ya shige shi bayan kwanaki, saboda haka sai an jiƙa hannu. Ya ce kunnuwa ba a taɓa su ko kaɗan. Babban yatsa ake sawa a leɓensa na ƙasa, ba shi da haƙoran yanka, ɗaya hannun kuwa a tallafi cikinsa, a riƙe shi a kwance, kada a rataye shi nauyinsa ya tsinka masa ciki. A kiyayi ƙayar bayansa. Ya ce ƙugiyar nan mai kama da zobe an yi ta ne don ta kama gefen baki, kada kifi ya haɗiye ta, in kuwa ya haɗiye, a yanke zare, kada a tona. Wanda ya cire kifi daga ruwa ya riƙe numfashinsa, in ya ji ya matsu, kifin ya riga shi matsuwa. Da ya zo kan zane biyun nan muryarsa ta daidaita. Wanda bai kai na farko ba yaro ne, a bar shi ya girma. Wanda ke tsakani shi ake ci, shi ma ɗaya ga mutum ɗaya. Wanda ya wuce na biyu kuwa, mafi yawansu mata ne, su ke hawa koguna su zuba ƙwai, ba a riƙe su.

Na ce, "Maimaita na ƙarshen." Ya maimaita. Na ga tur'ar Wad Haddad a gabana, da jiƙaƙƙen buhu a hannun mahaifina.

Na sa Daktor ya tambayi Rayyis ko duk wanda anka mayar yana rayuwa. Da ya ce mini i, da a nan hukuncina ya ƙare. Ya ce a'a, wasu na mutuwa ko an yi komai daidai, shi ya sa ba ya barin kowa ya yi sakaci, shi ya sa kuma in ya ga an kama da yawa yake juya jirgi gida ko masu biya na gunaguni. Mutumin da ya faɗi aibin sana'arsa da bakinsa, ana iya zama da shi.

Rana ta ɗaga sosai sa'ad da sandar Daktor ta lanƙwashe har ta kusa taɓa ruwa. Ya yi ta fama, gumi na zuba, yana kiran sunayen waliyyan Masar ɗaya bayan ɗaya. Haruna na gefensa yana cewa ya yi sauri, kada ya gajiyar da kifin, da alama uwa ce. Da ta taso kusa da jirgi na ga abin da ban taɓa gani ba a ruwan gishiri ko na daɗi sai a giwan ruwa na zamanin ƙuruciyata. Ta wuce zane na biyu nesa, ba sai an gwada ba.

Daktor ya ce, "A ɗago ta, a ɗauke ni hoto, matata ba ta yarda da ni."

Haruna ya ce, "Ba ta fita daga ruwa, ya Daktor. Sunkuyo a ɗauke ka a nan."

Haruna ya sunkuya ya zare ƙugiyar da ɗan ƙarfe. Amma kifin ta gaji ƙwarai, ta kwanta a gefe, kunnuwanta na motsi da ƙyar. Zuciyata ta ce ga ta biyu za ta mutu. Sai na ji wata murya da ban san Haruna na da ita ba.

"Baba, jiƙa hannu. Zo nan, kwanta a kan cikinka. Yatsa a leɓe, ɗaya hannun a ƙarƙashinta. Miƙe ta."

Na yi. Ya juya ya yi wa Rayyis magana da Turanci, gajeriya, tsohon ya ɗingisa ya kama sitiyari ya sa jirgi tafiya a hankali kamar tafiyar mai ciki. Haruna ya kama bayan rigata da hannu ɗaya don kada in zame. Ruwan sanyi ne har ƙashi. Na fara kai ta gaba ina jawo ta baya.

Ya ce, "Kada ka ja ta baya, Baba. Gaba kawai, ruwa ya shiga ta baki ya fita ta kunne."

Na bari. Na riƙe ta kanta na fuskantar ruwa, yadda na ga an yi ina ɗan shekara tara. Tsawon lokacin da munka ɗauka ban sani ba, hannuna dai ya mutu. Can na ji jikinta ya yi tauri, ratsinta ya ƙara baƙi, ta miƙe da kanta. Sai ta datse mini yatsa da leɓenta mai kaushi.

Haruna ya ce, "Yanzu. Sake ta."

Ta buga wutsiya sau ɗaya, ta watsa mini ruwan gishiri a gemu, ta nutse. Daktor na ta kabbara. 

Kafin mu juyo Allah ya ba ni wani wanda ya faɗa tsakanin zane biyu. Shi munka riƙe, na yi bismilla a kansa, Nafisa ta dafa rabi da tumatir, rabi ta soya. Namansa ya yi daɗi, amma bai kai karfasar Makwar ba, na kuwa faɗa musu haka.

Hukuncina a cikin jirgi na yanke shi, muna komowa. Na ce wa Haruna, "Har yanzu ban ga dalilin da mai ƙoshi zai tashi da asuba ya je ya dami kifi ba. Amma za su je, ko da kai ko babu kai. Gara a sami ɗan gidan Na-Ruwa tsaye tsakaninsu da iyayen kifin nan. Abin da doka ta ba ku, a ci shi, kada a zubar. In kun isa, ku juyo. Kuma bisa wanga jirgi kai ne babba. Ko ni na hau, ka faɗa mini." Na ɗaga hannu, shi da Daktor sunka ɗaga, Rayyis ya cire hularsa. Munka karanta Fatiha, na tofa a goshin jirgi, na dafa kan ɗana na ce Allah ya yi masa albarka, shi da sana'arsa.

Daktor ya fassara wa Rayyis duka. Tsohon ya saurara, hannunsa na kan sitiyari, bai sake shi ba.

Muna gab da shiga mashigin gari, inda ruwan teku ke karo da na kogi, na miƙe tsaye ina naɗa rawanina, domin ba na shiga gari da hula kaɗai. Wani babban jirgi ya wuce ya turo mana igiyar ruwa. Ban gan ta ba, bayana na ba ta.

Haruna ya ce, "Baba, zauna."

Ba roƙo a ciki, ba ma'alesh. Na zauna, rawani rabi a kai rabi a hannu. Ruwan ya ɗaga mu ya buga, jakar abincin Daktor ta kife. Da jirgi ya daidaita, Rayyis ya dubi Haruna, ya dube ni a zaune, ya ja da baya daga sitiyari ya nemi benci ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. Haruna ne ya shigar da mu gari.

Wannan shi ne abin da ya faru, Malam Tanko, shi ya sa ban kawo maka kan kifi ba. Wanda ya yi shakka, shaiduna suna raye: Haruna na can da jirginsa, Rayyis Daniyel na zaune a bakin ruwa da sabuwar gwiwa, Daktor Magdi kuma yana da hoton, ko da yake rabinsa bayana ne. Wanda waɗannan sunka yi masa nisa, ya aika matarsa ta tambayi Hajja Amina. Ita ta wanke rawanin da na komo, ta kuwa ce jinin bai fita duka ba.